Dakuwar Basira da Alhajin da Babu Shi

Idan ka taɓa hawa motar Maradi zuwa Tasawa, aka tsaya a Agiye ko Gazawa, wata ta miƙo maka dakuwa ta taga a farar leda mai ƙulli biyu, ka ci har ka cinye ba ka ji yashi ya yi ƙaras a haƙorinka ba, to ta yayata ce. Sunanta Basira, a Gangara take zaune, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ni ne Ilyasu, ƙanenta, mutumin da ya fi kowa a garinmu sanin yadda ake kasuwanci, kuma bai taɓa yin wanda ya zagayo shekara ba.

Ba sharri nake yi wa kaina ba. Na sayar da fetur a kwalba, rana ta sha rabi, abokaina masu moto, wato babur, suka sha rabi. Na buɗe wurin cajin salula da farantin hasken rana, akuyar maƙwabci ta hau kai ta yi rawa, gilashin ya tsage, ya yanke ni a hannu garin ɗauka. Na yi fataucin ƙwan zabi a bayan moto, a hanyar da ramukanta suka fi shimfiɗarta yawa, abin da na isa da shi kasuwa sai dai a kawo kasko. Duk da haka in an zauna a fada, majalisarmu ta samari, ana shan shayi, aka tayar da zancen yadda ƙaramar sana'a take girma, ni ake juyowa a kalla. Ni kuma in gyara zama, in kwaso abin da na gani a gidan Yaya, in zuba musu kamar daga kaina ya fito.

Mijinta, Malam Jika, ya rasu lokacin da Sufyanu, ɗanta na fari, yake ajin farko a lakol, ƙanwarsa Rufaida tana goye. Ya bar mata ɗaki biyu, da gona mai yashi wadda ko gero sai ta ga dama take bayarwa, da turmi. A kakar shekarar, bayan masu gonakin aya sun ƙone ganye sun haƙe sun kwashe nasu, Yaya ta bi matan da ke zuwa kala. Ta wuni cikin turɓaya da rariya tana tankaɗe ƙasar da wasu suka riga suka tankaɗe, ta dawo gida fari fat, idonta kawai ake gani. Da ayar kalar nan ta yi dakuwarta ta farko. Na tuna faifan sarai, don na ci biyu daga ciki da sunan ina duba mata gishiri.

Aya a ƙasa take girma, kuma ba ta rabuwa da ƙasa da daɗin rai. Wasu matan su wanke sau ɗaya su shanya, su ce sauran mai ci ya ƙarasa da haƙori. Yaya sai ta wanke har ruwan ya fito yadda ya shiga, ta shanya a tabarma, sannan ta zauna da hantsi tana tsince tsakuwa, bakinta na motsi da tasbihi. Suya kuwa da ƙaramar wuta take yi, tana juyawa ba ta ɗaga kai, ko sallama aka yi sai dai ta amsa tana kallon kasko. Wata rana wuta ta zarce, ayar ta ɗan yi ɗaci. Na ce, "Yaya, ƙara sukari da citta, wa zai sani? Matafiya ne, yau sun ci gobe suna Damagaram." Ta dube ni ta ce, "Direban da ya kawo su jibi zai dawo." Ta zuba wa awaki duka, ina tsaye ina haɗiyar yawu.

Ba ta haɗa tukunyar gida da faifan kasuwa. In babu abin miya, ta gwammace a ci tuwo da kuka tsura da ta taɓa na sayen aya. Ni ƙanenta, rabona kankaren turmi ne, shi ma sai na riƙe mata Rufaida. Da kaka, lokacin da aya ta cika kasuwa kowa na neman wanda zai saya, sai ta saya ta ajiye, ta yi ta aiki da ita har damina lokacin da wasu ke neman tiya ɗaya ido rufe. Ba ta tsallaka kasuwar Gazawa ba sai da mutanen Gangara suka fara cewa "ba mu mai ƙulli biyu." Ba ta je Agiye ba sai da direbobin Gazawa suka fara saya wa matansu. Da aikin ya fi ƙarfin hannunta ta ɗauki mata biyu masu daka, ta koya musu komai, kuma kwano ɗaya suke ci da ita. Wannan duka ina faɗa a fada, ana gyaɗa kai ana cewa Ilyasu akwai basira. Akwai kam, a gidanmu take, tana suyar aya.

Abin da ban taɓa faɗa a fada ba shi ne Alhaji Tahiru.

Shekarar da kasuwa ta fara yi mata murmushi, Yaya ta sayi sabon kasko da zane ɗaya, ɗaya tak. Maƙwabciyarta Mero ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai, Basira, kin haye!" Ko masha Allah ba ta haɗa da shi ba. A satin nan ragon da Yaya take kiwo ya kumbura ya mutu, mai moto ya kifar mata da faifai a bakin kasuwa, Rufaida ta kwanta zazzaɓi. Ni na san ragon leda ya ci, mai moton kuma abokina ne, bai taɓa iya birki ba, zazzaɓi kuwa damina ce. Amma je ka gaya wa mutumin garinmu haka. Kambun baka ne, an gama magana. Ni ɗin ma da nake wannan bayani, in aka yaba hulata sai na juya ta ciki waje. Ga kuma dangi, waɗanda ba su san hanyar gidan ba lokacin takaba, sun fara zuwa gaisuwa da la'asar, suna zama har a sauke tukunya, kowa da matsalarsa a baki.

Ta kira ni zaure ta ce, "Ilyasu, kai da Allah ya hore wa surutu, samo mini inuwar da zan ɓuya. Ina so in yi aiki, ba na so a ga aikin."

Ban taɓa jin an ba ni aikin da ya dace da ni kamar wannan ba. Kafin shayi ya tafasa na haifi mutum cikakke. Na sa masa Alhaji Tahiru, ɗan kasuwa a Maradi. Na mai da shi Bagobiri daga wajen Cadakori, don mu nan jikokin Katsinawa ne, ba wanda zai iya bin diddigin danginsa. Na ba shi tumbi, da tsage a kumatu, da farar mota, da rowa wadda ba a taɓa gani ba. Jari nasa ne, aya tasa ce, Basira 'yar aiki ce kawai, ɗan abin da yake ba ta ko sabulu ba ya isa. Washegari na kai shi fada, kafin magariba ya shiga kowane gida a Gangara.

Wallahi maganin ya ci. Buhu ya sauka a ƙofar gida, na Alhaji ne. Aka kawo injin niƙa, Alhaji ya aiko. Ribar da Yaya take juyawa tumaki tana ba Bakari, Bafulatanin da ke mata kiwo a daji, su ma na Alhaji ne, kuma Bakari kaɗai ya san gaskiya bayan mu biyu. Dangi suka ɗauke ƙafa. Mero da kanta ta riƙa miƙo wa Yaya ɗan daddawa ta katanga tana cewa, "Allah ya isar miki, baiwar Allah." Yaya ta koma tsohon zane, ta iya wata ajiyar zuciya in an ce ya kasuwa, sai ta ce, "To, masu ita suna ci."

Ni kuwa abin ya shiga kaina. Kullum sai na ƙara wa Alhaji wani abu. Yau ya ƙirga ƙullin leda ya ce an yi masa ɓarna, gobe ya zage ni a gaban yaransa. Na nuna tabon da gilashi ya yi mini na ce ƙofar motarsa ce ta datse ni yana sauri. Can sai na fara jin labaransa waɗanda ba ni na yi su ba. Wata ta ce ya auri 'yar ƙanwar kishiyar gwaggonta. Alhassan direba, mai motar Gazawa, ya ce ya taɓa ɗaukarsa ranar da farar motar ta lalace, har ya hana shi na goro. Na ji haushi ƙwarai, kamar an shiga gonata ba sallama, amma na ce, "Halinsa ke nan." Akwai lokacin da na ce ba shi da lafiya don in huta da ƙirƙira, sai ga shi ana saka shi a addu'a wurin wani suna, ni ma na shafa.

Duk wannan a kunnen Sufyanu ake yi, tun yana ƙarami har ya yi gemu. Ku da kuka san garinmu kun san yadda uwa take da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta dubansa ido cikin ido a gaban mutane. In za ta ba shi abinci sai ta ce wa Rufaida, "Kai wa yaron can." Tana son sa kamar ranta, na sani, don na sha ganin ta tana leƙen sa ta bayan zana in ya juya baya. Amma magana mai tsawo ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Da yana yaro ta ce bakin yaro ba ya riƙe sirri. Da ya girma ta ce sai ya yi aure. Ni kuma ban matsa ba, don gaskiya ina jin daɗin Alhajina.

Sufyanu ya tashi shiru-shiru, mai ƙarfi, ba ya zuwa fada, ba ya dariya da yawa. Da ya bar kolej shi ya kama injin, shi ke ɗora buhuna a amalanke, shi ke kai kaya tasha. Yana ɗaukar dukiyar gidansu a kafaɗa yana tsammanin ta wani ce. Wata rana ya tare ni ya ce, "Kawu, ina ne gidan mutumin nan a Maradi?" Na ce, ba tare da na yi tunani ba, bayan babbar kasuwa, kusa da wani masallaci mai koren fenti. Ashe zuwa zai yi. Ya wuni yana yawo a rana yana tambaya, ya dawo ƙafa duk ƙura ya ce ba wanda ya san shi. A nan ne ya kamata in zaunar da shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai ya tashi daga nan, ya gina sabo a hanyar Dakoro."

Bara, bayan an gama maimai gero ya fara fitar da kai, ya same ni ina gyaran moto ya tsuguna. Ya ce, "Kawu, zan tafi arewa, wurin haƙar zinariya can bayan Agadas. Na sayar da ragona, na kama wuri a mota. Ba zan ci gaba da kallon Inna tana ƙone hannunta a kaskon wani ba. Zan samo mata jarinta na kanta, ko tiya goma ce ta zama tata."

Samarin garinmu da suka tafi can mun san yadda ake ciki. Wasu sun dawo da moto sabuwa, wasu sun dawo da tari, akwai biyu da sai labari ya dawo, rami ya rufta da su. Yaya ɗa namiji ɗaya gare ta, kuma zai shiga ramin ne don ya ƙwato ta daga hannun mutumin da na ƙera da bakina a zaure.

Na ruga gidan. Na same ta a gaban kasko na faɗa mata. Hannunta ya tsaya, ayar ta yi ta ƙonewa har hayaƙi ya tashi ba ta juya ba. Can ta ce, "Je ka gaya masa. Duka." Na ce ita ya kamata ta faɗa. Ta ce, "Da wane bakin? Ban taɓa ba."

Na same shi a ɗakin injin yana share shi, wai don kada Alhaji ya ce ya bar masa kaya da datti. Na rufe ƙofa na ce, "Sufyanu, saurara. Babu wani Alhaji Tahiru. Ni na yi shi. Injin nan na uwarka ne, buhunan nan nata ne, har tumakin wurin Bakari." Ya dube ni, sai ya yi murmushi, irin na tausayi. Ya ce, "Kawu, kai da ka ce kun ci abinci kwano ɗaya da shi? Ga tabon motarsa nan a hannunka." Na ce akuya ce, gilashi ne. Ya ce, "Akuya." Na yi rantsuwa, ya ce ai da rantsuwa na ba shi kwatancen gidan. Na ce to a kira Bakari. Bakari yana can arewacin Dakoro da dabbobi tun farkon damina, inda babu rezo, salula ba ta shiga, mun kira har batirin salulata ya mutu.

Ranar kasuwar Gazawa da sassafe ya ɗauki jakarsa ya fita. Na zo da moto don in bi shi, sai na ga Yaya ta fito daga ɗaki, na kasa gane ta. Ashe duk shekarun nan tana sayen abu tana jefawa ƙasan adaka. Ta sa shadda mai ruwan ƙasa wadda karin ninki bai ma sake ta ba, da ɗan kunne na zinariya, da takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, yana cizon ta tana ɗingishi. Ta ce, "Mu je." Na goya ta, muka nufi tashar Gazawa.

Tashar ta cika, rabin mutanen Gangara suna nan da kayan kasuwarsu, har Mero da tallan daddawarta. Sufyanu ya riga ya shiga mota, yana bakin taga, ana ɗaure kaya a sama. Yaya ta sauka ta ratsa mutane, ta tsaya a tsakiyar fili, ta ɗaga murya.

"Sufyanu!"

Duk wanda ya san mu ya juyo. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Ni kaina tun ranar suna ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Ta ce, "Sauko ka ji, kowa ma ya ji. Babu Alhaji Tahiru, ba a taɓa yin sa ba. Injin nawa ne. Buhunan da ke ɗaki nawa ne. Tumakin da ke hannun Bakari nawa ne. Kasuwa tana ci, ta daɗe tana ci, na fi ƙarfin abin da za ka je nema. Mai baki ya yi bakinsa, na yarda. Kai dai sauko." Tana haki, matar da ta yi shekaru tana tsoron a ce mata sannu da arziki.

Na ga Sufyanu ya kama murfin ƙofa, na ce alhamdulillahi. Sai Alhassan direba ya sauko daga kan motarsa yana goge hannu ya ce, "Haba Basira, ki ji tsoron Allah. Mutumin da na ɗauka a motata, ya zauna nan gaba kusa da ni? Ɓacin rai ba ya sa a ci amanar ubangida." Wata ta ce ai ita ta ga matarsa a asibiti. Mero ta matso ta riƙe hannun Yaya tana cewa, "Ayya, tafiyar yaron ce ta taɓa ta, ku yi mata uzuri." Na yi tsalle na shiga tsakiya na ce ni na ƙirƙire shi, ni Ilyasu, a zaure, ina shan shayi! Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Yau kuma da wannan ka zo?"

Sufyanu ya sauko. Ya zo gabanta ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye. Ya ce a hankali, amma ina kusa na ji, "Inna, na ji kin kira sunana, ya ishe ni guzuri. Na san don ni kika yi wannan. Ki mai da wa wadda ta ara miki kayan jikin nan kayanta kafin ta nema. Kuma don Allah kada maganar nan ta kai kunnen Alhaji, ya kore ki kafin in dawo." Ya tashi ya koma mota. Motar ta hau kwalta ta nufi gabas, muna tsaye, ita da takalmi ɗaya a hannu don ya fasa mata dunduniya.

Tun daga ranar Yaya ta daina ajiyar zuciya. Ka ce mata ya kasuwa, ta ce, "Tana ci, alhamdulillahi, tawa ce." Ta sa masu talla suna kiran dakuwar Basira da suna. Ba ragon da ya mutu, ba faifan da ya kife, sai ma wani mai butik, wato kanti, a Agiye da ya zo da kansa neman a riƙa kai masa, yana cewa da ya san ba sai ya bi ta hannun Alhaji ba da tuni ya zo. Ni ma a fada na ƙara abu ɗaya a kan wanke aya da sayen kaka. Nakan ce ka ɓoye wa wanda ka ga dama, amma wanda yake ɗaukar buhun ya san na wane ne. Suna gyaɗa kai kamar kullum, ban san ko suna ji ba.

Sai dai ban daina dabara ba, ai hali ne. Na ce tunda an ƙi yarda babu shi, bari in kashe shi. Na sanar a fada cewa Alhaji Tahiru ya rasu, hawan jini, kuma kafin ya cika ya bar wa Basira injin da buhuna. Mutane suka yi ta zuwa yi wa Yaya gaisuwa, Alhassan har da hawaye, ita tana zaune tana harara ta. Na aika wa Sufyanu saƙon murya na ce ga abin da ya faru, uwarka ta zama mai kanta, dawo. Aka daɗe kafin amsa ta zo, don sai sun hau wani tudu suke samun rezo. Muryarsa ta dushe, ana jin iska a bayansa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma Kawu, ka san magada. Za su zo su kwashe komai, ta rasa ma ɗan aikin. Yanzu ne bai kamata in dawo hannu wofi ba." Na zauna a kan moto na riƙe kai, na rasa wanda zan zaga ban da ni.

Bayan kaka sai ga aiken kuɗi daga gare shi, ta hannun wani ɗan Gazawa da ya dawo jinya. Ba yawa. Mutumin ya ce Sufyanu bai samu zinariya ba tukuna, guga yake ja wa masu rami, wannan abin da ya tara ne yana cin gari da ruwa. Saƙon ya ce in sayi aya in kai mata, ta fara nata, ko faifai ɗaya ne.

Na saya. Ba ta cika rabin ƙaramin buhu ba, da hannu ɗaya na ɗauke ta. Na shiga da ita ɗakin ajiya, inda buhunan kakar suka kai rufi, Yaya tana tsaye tana nuna wa mata inda za su jera sabbi. Na ajiye a gabanta na faɗa mata daga inda ta fito. Ta sallami matan. Ta tsuguna ta zura hannu cikin ayar, ta daɗe tana juya ta, tana kuka ba sauti.

Ba ta haɗa ta da sauran ba. Ita kaɗai ta wanke, ta tsince, ta soya, ta daka a turmi, ba ta bari injin ya taɓa ta ba. Ta kai kasuwar Gangara da kanta, ta sayar, ta sayi wata ayar da abin da ya fito, ta ware mata kusurwa guda a ɗakin. Da kusurwar ta kai buhu, ta aiko aka kira ni ta ce in kawo salula. Na ce me zan ce masa. Ta ce, "Kai ka gama naka. Danna mini."

Na danna, ta riƙe da hannu biyu kusa da bakinta. Ta ce, "Na karɓi jarin da ka aiko. Ya kama. Ya zama buhu, kuma wannan ba na kowa ba ne, naka ne da ni. Aikin ya fi ƙarfina, bayana yana ciwo, ba mai ɗaga mini. Ka bar ramin nan ka zo."

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, na saurara da kyau. Saƙon ya fita daga salulata, amma bai shiga tasa ba tukuna, ba su hau tudun ba. Kullum da safe kafin ta ɗora kasko sai ta aiko Rufaida gidana, ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Kawu, Inna ta ce ya shiga?"